Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: Ƙofar Gari Za Ta Iya Jira

Mai girma Shugaba, da kansilolin mazaɓunmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da kuka ɗauka.

Ranka ya daɗe, labari ya iso mana ta bakin kansilanmu cewa a kasafin kuɗin shekara mai kamawa an ware wa garinmu ayyuka biyu: ƙofar shiga gari mai rubutun maraba, da jerin fitilun sola daga tasha zuwa ƙofar gidan bulama. Mun gode da aka tuna da mu. Sai dai da labarin ya zaga gari, tambayar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce, wa aka tambaya? Babu wanda ya iya ba da amsa. Shi kansa kansilan ya ce a takarda ya gani.

Shi ya sa ƙungiyar ci gaban garinmu ta ga ya dace ta yi tambayar da kanta. Da aka kammala girbi hankali ya ɗan kwanta, muka bi jama'a inda suke zama. Dattawa a ƙofar fada bayan la'asar. Matasa a tashar 'yan acaɓa da teburin mai shayi. Masunta a bakin ruwa, Fulani a rugagen da ke arewa da mu. Mata kuma malamar Islamiyyar matan aure ce ta tambaye su, ta kawo mana abin da suka ce, don mun san idan da namiji a wurin rabin maganar ba za ta fito ba. Tambayar guda ɗaya ce: in aka ce aiki ɗaya tak gwamnati za ta yi mana bana, wanne kake so? Ni na riƙe biro, don haka ni aka ɗora wa rubuta wannan takarda. Mun mai da ita buɗaɗɗiya ne saboda waɗanda muka kai sakatariya a baya shiru muka ji, kuma garuruwan da ke wannan kwari na Haɗeja, tun daga ɓangaren Ringim da Miga har Auyo da Kiri Kasamma da Guri, kusan ciwonmu ɗaya ne. Wataƙila wani zai karanta ya ga garinsu a ciki.

Ko mutum ɗaya bai ambaci ƙofar gari ba. Fitilu kuwa masu shagunan bakin tasha sun ce suna so, kuma suna da hujja, don an sha fasa musu shago cikin duhu. Amma su ma da aka ce su zaɓi abu ɗaya, ba fitila suka zaɓa ba.

Abin da ya fi fitowa daga bakin maza, babba da yaro, shi ne kogi.

Zan daɗe a nan, domin mutanen ofis da yawa suna ɗaukar ambaliya tamkar ƙaddara ce kawai da ke saukowa daga sama. Mun yi imani da ƙaddara, amma dattawanmu sun san wannan kogin tun kafin ya sauya hali. Suna cewa a da ruwa yakan zo da damina, ya malale fadama, ya bar mata laka mai albarka, sannan ya janye. Da rani kuwa a kan rairayi ake ƙetarewa da ƙafa. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Calawa a 1992. Daga nan ruwa ya koma sakin hannu, ana buɗe shi rani da damina don shan mutanen birnin Kano da noman rani. Ba mu raina amfanin wannan ba. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da ta Auyo duk daga nan suke, mu kanmu alkamar da muke nomawa da sanyi da wannan ruwan ne. Amma hanyar ruwan da ba ta bushewa ita ce gidan kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa. A da zafin rani da tsananin gudun ruwan damina suna kashe ta. Yanzu ta samu wuri ta yi kane-kane, ta tare yashi da laka, cikin kogi ya cike, hanyar ruwa ta tsuke. Ruwan da ya kamata ya wuce ya nufi kogin Yobe sai ya rasa hanya, ya fasa gefe ya shigo gonaki da gidaje. Shi ya sa wata shekarar ruwan sama bai yi yawa a nan ba, amma sai mu kwana a tsaye, saboda an tafka shi a can ƙasar Kano.

Kacalar ba ambaliya kaɗai take jawo mana ba. A cikinta tsuntsayen jan baki suke kwana, su fito da asuba su sauka a kan shinkafa da gero, yaran da ya kamata suna aji suna can gona suna kaɗa gwangwani. Sauro a cikinta yake. Masunta sun ce wuraren da iyayensu suke jefa birgi yanzu kwale-kwale ma ba ya ratsawa.

Mun ga ruwan 2018, mun ga na 2020. Na 2022 kuwa har yanzu akwai magidanta a garin nan da ba su mai da ɗakunansu ba, suna zaune a gidajen 'yan'uwa. Wani ya ci bashin taki ya zuba a shinkafa, tana gab da fitar da kai ruwa ya shafe ta, bashin yana nan a wuyansa.

Ranka ya daɗe, mun san kogi ba na ƙaramar hukuma ba ne. Madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Manyan injinan da ke shiga ruwa suna yashe kogi gwamnatin jiha ce ta sayo su, kuma inda suka yi aiki an ga bambanci. Ba mu ce ka yashe kogin Haɗeja da kuɗin ƙaramar hukuma ba. Abin da mutane suka nema ƙarami ne. Buhunan da babu komai a ciki, tifa-tifa na jar ƙasa, shebur da diga, da man da za a zuba wa tifar. Ƙarfi namu ne. Jingar da ta kare gabashin gari da hannunmu muka yi ta, aikin gayya, mata suna dafa abinci samari suna cika buhu. Sannan ka tsaya da kanka ka ga an sa reshen kogin da ya bi ta bayan garinmu a cikin jerin wuraren da injinan jiha za su shiga, domin wanda ba shi da mai magana a Dutse shi ake mantawa.

Babban abin kuma shi ne lokaci. Buhun da aka kawo a watan Maris ko Afrilu, ƙasa a bushe, mota tana iya isa bakin jinga, ya fi goma da aka kawo a Agusta. Amma abin da muka saba gani shi ne sai ruwa ya kai gwiwa ake jin jiniya, a zo da buhuna da masu ɗaukar hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan an yi asara kuma sai kayan agaji: tabarma, bargo, kwanon shinkafa, kwalin taliya. Mun karɓa, mun gode, mai yunwa ba ya raina loma. Sai dai wani dattijo ya ce in tambaye ka, kuɗin tabarmin nan da na hayar motar da ta kawo su da na abincin 'yan rakiya, buhu nawa za su saya tun da rani?

Akwai kuma maganar gargaɗi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar da ke lura da koguna kuma tana fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Wannan bayani yana isa ofisoshi da Turanci, ya tsaya a can. Mai shinkafa a fadama shi ya fi kowa buƙatarsa, don shi zai yanke shawarar ko ya shuka iri mai saurin nuna ko ya koma tudu. Me zai hana a fassara shi, a ba hakimai da bulamai, a faɗa a masallatan Juma'a, mai shela ya zaga da shi? Haka in za a ƙara sakin ruwa daga sama, a sanar da mu ta wannan hanya, ko da kwana biyu ne kafin ya iso. Wannan ko sisi ba ya ci.

Mata ba su fara da kogi ba. Sun ce ruwan sha, sannan haihuwar dare, kuma a kan na biyun muryoyinsu suka fi tashi.

Maganar ruwan sha abin kunya ce ga garin da ruwa ke cinyewa duk shekara. Famfunan tuƙa-tuƙa muna da su a kusan kowace unguwa, galibinsu a mace. Akwai rijiyar burtsatse mai sola da babban tanki, injin da ke cikinta ya ƙone, an fi shekara ana kallon tankin. Kowane ɗan siyasa in ya zo sabuwa yake haƙawa a rubuta sunansa a jiki, don gyaran tsohuwa ba a yi masa taro. Alhali abin da ke kashe tuƙa-tuƙa yawanci roba ce ta cinye, ko sanda ta karye, ko bututu ya fashe. Matan sun ce a ɗauki makaniki ɗaya na dindindin ga kowace mazaɓa, a ba shi babur, a ajiye kayan gyara a sakatariya inda za a saya a farashin gwamnati. Kuɗin kayan unguwa za ta haɗa, dama muna yin karo-karo. Abin da ke gagararmu shi ne neman mai gyara daga nesa, kuɗin zuwansa ya fi kuɗin gyaran.

A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Mun yi alfahari, don mu ma mun haƙa masai a gidajenmu. To amma idan ambaliya ta zo, masan nan rushewa suke yi, ƙazanta ta bi ruwa ta faɗa rijiyoyin da ba su da murfi. In famfo a mace yake, waɗannan rijiyoyin ake sha. Daga nan sai amai da gudawa. Wanda ya gyara famfo ya rage wa asibiti aiki.

Asibitin namu kuwa gini ne mai kyau, an yi masa fenti, an kafa allo. Ma'aikacin da ke cikinsa mutumin kirki ne, ba mu da ƙorafi a kansa. Amma shi kaɗai ne, namiji ne, kuma ba a garin yake kwana ba. Kafin la'asar ya rufe ya hau babur, domin babu inda zai kwana ko da ya so. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Idan ta zo da gardama cikin dare, jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama mace, sai a shimfiɗa ta a amalanke, ko a riƙe ta a tsakiyar mutum biyu a kan babur, a nufi bakin kwalta ana neman mota. Da damina hanyar ma ba ta biyuwa. Wasu suna isa. Wasu a hanya ake juyowa da su. Malamar da ta tattaro mana maganar ta ce da ta tambayi wace ce ta rasa 'yar'uwa ko maƙwabciya a wajen haihuwa, hannuwan da suka tashi sun sa ta kasa ci gaba da tambaya. Duk wanda ya taɓa shiga sashen haihuwa na babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tun 2008, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya san daga irin ƙauyukanmu ake kawo su.

Tsare-tsare a takarda akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki sosai. Jiharmu ta daɗe da shirin Haihuwa Lafiya, wanda a cikinsa har da kai mata asibiti cikin gaggawa. Matan garinmu ba sabon asibiti suke nema ba. Ungozoma mace suke so, mai takarda, wadda za ta zauna a cikin gari a iya ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsakar dare. Don ta zauna sai an gina mata ɗaki biyu da banɗaki da katanga a harabar asibitin, a sa mata sola. Mun tambayi magina, sun ce kuɗin ƙofar gari zai yi wannan har a samu canji. Fili kuwa bulama ya riga ya ce ya bayar.

Na san amsar da za a ba mu: ma'aikata mata ba sa son zaman ƙauye. Gaskiya ne, kuma ba na ganin laifinsu. Maganin shi ne 'yar gari. Ƙaramar hukuma ta zaɓi 'yan mata daga kowace mazaɓa ta ɗauki nauyinsu zuwa makarantar ungozoma ta Birnin Kudu ko kwalejin kiwon lafiya ta Jahun, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Sai dai da muka zauna lissafa 'yan matan garinmu da suka gama sakandare da sakamakon da zai kai su can, yatsun hannu ɗaya sun ishe mu.

Wannan ya kawo ni kan makaranta, inda ni da mutanen garinmu muka saɓa. A jerin abin da suka zaɓa, makaranta can ƙasa ta faɗo. Ni tsohon malamin firamare ne, abin ya yi mini ciwo, har na tsaya na ja da wasu. Amsar da wani magidanci ya ba ni ita ta rufe mini baki. Ya ce ɗansa ya gama aji shida, ya miƙa masa takardar asibiti ya karanta masa, yaron ya kasa. Ya ce to da ya bar shi a gona ai da yanzu ya iya huɗa. Mutanenmu ba ƙin boko suke yi ba, Ranka ya daɗe, wancan zamanin ya wuce. Sun gwada ne ba su ga riba ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ajujuwa akwai, malamai ne babu. Za ka ga malami ɗaya yana zirga-zirga tsakanin aji uku. A takarda an turo mana fiye da waɗanda muke gani, wasu sunayen ba mu taɓa ganin fuskokinsu ba. Matasan da aka ɗauka koyarwa a shirin jiha na J-Teach sun taimaka ƙwarai, amma ba su isa ba. In ambaliya ta zo makarantar ce sansanin waɗanda gidajensu suka rushe, zangon farko ya tafi a haka. Ƙaramar sakandare kuma tana wani gari, sai an ƙetare ruwa, kuma babu uban da zai bar 'yarsa budurwa tana shiga kwale-kwale safe da yamma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. A garinmu, ga 'ya mace, shida ne in ta yi sa'a.

Don haka duk da jama'a ba su sa ta a gaba ba, ni ina roƙo da bakina: a liƙa sunayen malaman da aka turo kowace makaranta a jikin bango, kwamitin iyaye ya riƙe kwafi, jami'in ilimi ya riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Kada a ƙara mana aji sai an ƙara mana malami. Ungozomar da mata suke kuka a kanta yau, tana aji huɗu a wannan makarantar, in an koya mata karatu.

Matasa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, har sai da aka yi musu tsawa. Masu noman rani sun ce fetur. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, injin ban ruwa kuma ba ya jin lallashi. Suna son a kawo injinan ban ruwa masu sola a ba su bashi, su biya bayan girbi, ba kyauta ba. Su da kansu suka ce ba kyauta ba, domin sun ga yadda kayan kyauta ke ƙarewa: a tara mutane a sakatariya a raba keken ɗinki da injin markaɗe da baro, kafin magariba rabinsu suna hannun dillalai, saboda wanda aka ba bai iya ɗinki ba, katin jam'iyya kawai yake da shi.

Haka maganar taki. Da aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a yankin Haɗeja a ƙarshen 2023, da rangwamen rabin kuɗi a kan iri da taki, manoman gaske sun amfana, ba za mu yi butulci ba. Amma kowa a garin nan ya san sunayen da suka shiga jeri alhali masu su ko fartanya ba su da ita, suka karɓa suka sayar wa mai gonar da aka tsallake. Maganin wannan mai sauƙi ne. Duk jerin sunayen da za a tura sama, a karanta shi da ƙarfi a ƙofar fada a gaban jama'a. A ƙauye babu wanda zai iya cewa yana da gona alhali ba shi da ita, sai an yi masa dariya.

'Yan acaɓa da direbobi kuma hanya suka ce. Ba kwalta suka nema ba, sun san ba ta kai nan ba tukuna. Kwalbati ɗaya ce ta karye a hanyar burjin da ta haɗa mu da titi, ita ce ke yanke mu duk damina. Saboda ita motar kaya ba ta shigowa, mai sayen riɗi da shinkafa ya zo ya taya yadda ya ga dama, don ya san kai kaya Gujungu ko Maigatari ya fi ƙarfin mai buhu biyu. Kuma ita ce hanyar da mai naƙuda take bi.

Fulani sun yi mamakin zuwanmu. Arɗo ya ce tun da yake, in ba allurar shanu ko lokacin zaɓe ba, ba a taɓa zuwa a tambaye su abin da suke so ba. Burtali suka ce, da mashaya. Gonaki sun cinye hanyar shanu har ta koma siririya, dabba ba ta wucewa sai ta taɓa shuka, daga nan sai rigima da tara. Manoma su ma suna da nasu kukan, musamman a kan baƙin makiyaya masu shigowa da dare kafin a kwashe amfani. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ɓangarorin biyu sun yarda da magani ɗaya: a fito da tsohuwar iyakar burtali, a kafa turakun siminti tun kafin shuka, hakimi da jami'in gona da arɗo da bulama suna tsaye. Zan faɗi abin da ba a so a faɗa. Wasu daga cikin waɗanda suka shigar da burtali cikin gonakinsu manyan garinmu ne, shi ya sa maganar ta fi ƙarfin bulama, sai hukuma.

Wutar lantarki babu wanda ya kawo maganarta. Turakun suna nan tsaye, an daina sa rai.

Ba zan rufe ido a kan namu laifin ba, don na san za a tuna mana. Mu muke zuba shara a magudanar ruwa. A cikinmu akwai wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, aka yi masa magana ya ce filin gadonsa ne. Farantan solar da aka sace a asibiti ba aljanu suka sauko suka ɗauka ba. Kuma mu ne muke karɓar taliya da sabulu ranar zaɓe, sannan mu dawo muna kukan ba a jin maganarmu. An faɗi wannan duka a zaman ƙofar fada, wasu sun ji haushi sun tashi. Ƙungiya ta ɗauki alkawarin sa 'yan sintiri a kan duk kayan gwamnati da ke garin, da fitar da ranar yashe magudanu kafin saukar ruwa. A riƙe mu a kan wannan.

Saura maganar kuɗi, wadda nan ne kullum zance yake mutuwa. Shekara da shekaru in aka tambayi shugaban ƙaramar hukuma sai ya ɗaga hannu ya ce kuɗin yana asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, sai abin da aka sammasa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Kason nan kashi 20.60 cikin 100 ne na asusun tarayya, kuma abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata ana wallafa shi, yaranmu masu waya suna gani a intanet suna karanta mana. Ko ta wace hanya kuɗin yake iso maka, Ranka ya daɗe, mu dai a wurinka za mu tambaya, domin kai muka zaɓa, kuma kai ne hukumar da talaka zai iya zuwa wurinta a kan babur ya dawo a yini ɗaya. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan hanyoyi da magudanu, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Kusan duk abin da na lissafa a sama yana cikin wannan da'ira.

Mun san albashi yana cinye kaso mai yawa. To a nuna mana. A kafa allo a ƙofar sakatariya, a rubuta da Hausa, boko da ajami: ga abin da ya shigo wannan wata, ga na albashi, ga abin da ya rage, ga aikin da aka bayar da sunan ɗan kwangila da kuɗinsa. Haka kuɗin da ake karɓa a kasuwarmu duk mako, na rumfa da na dabbobi da na lodin mota. Ana yankar rasit, wani lokacin ma ba a yanka, amma rumfunan da iska ta kwashe har yau a kwashe suke. In da gaske babu kuɗi, allon zai wanke ka, mutane su daina zarginka a kan abin da ba ka ci ba.

Sauraron talaka ba baƙon abu ba ne a jihar nan. A 2008 gwamnatin Sule Lamido ta kira taron talakawa a Dutse, masu ƙananan sana'o'i suka tsaya gaban manya suka faɗi halin da suke ciki. Gwamna Umar Namadi ma ya zaga ƙananan hukumomi da shirin Gwamnati da Jama'a. In gwamna zai iya zagaya ƙananan hukumomi 27, shugaban ƙaramar hukuma zai iya zagaya mazaɓunsa. Sai dai muna so a yi zaman kafin a rubuta kasafi, ba bayan an buga shi ba, kuma kada ya zama taron kiɗa da jawabin godiya inda aka riga aka zaɓi masu magana. A ware wa mata nasu zaman, a aika wa rugage.

A kan wannan kasafin kuwa, roƙonmu shi ne a ɗage ƙofar gari. Kuɗinta a gina masaukin ungozoma. Na fitilu a raba, a sa kaɗan a tasha da harabar asibiti, sauran a sayi buhuna da jar ƙasa a gyara kwalbati. In doka ba ta ba ka damar sauya aikin kai kaɗai ba, majalisar kansiloli tana da wannan damar, kuma kansilanmu ya ce a shirye yake ya gabatar da ƙudurin in ya san ba zai tsaya shi kaɗai ba. Sauran kansiloli, ku ma muna kallon ku, domin ruwan da ya fasa jingarmu garuruwanku yake wucewa.

Mu dai mun sa ranar fara aikin jinga, Asabar ta farko bayan an yanke alkama. Samari sun rubuta sunayensu unguwa-unguwa, masu amalanke sun yi alkawarin shanunsu, mata sun fara tara hatsin abincin gayya. Buhuna da tifa ne ba mu da su. Muna gayyatarka ka zo kafin ranar, ba sai da ayari ba, bulama da limamin gari da shugabar mata da arɗo za su tarbe ka, mu taka da ƙafa mu nuna maka inda ruwa ya fasa a 2022. Duk amsar da ka ba mu, a rubuce ko da baki, za a karanta ta ga jama'a bayan sallar Juma'a, kuma za mu wallafa ta a inda muka wallafa wannan.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci. Wassalam.

Naka,
Sakataren ƙungiyar ci gaban gari,
a madadin jama'ar wani gari a kwarin Haɗeja, Jihar Jigawa.